Baƙin da Muka Sallama da Masa a Ƙofar Kawu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa na Malbaza, bayan zazzaɓin da bai cika mako ba. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Ƙonni, kuma kafin in samu mota in iso har an kai shi makwancinsa.

Kwana uku na yi a tsakar gida cikin mata ina sauraron masu gaisuwa. Kusan duk wadda ta shigo, in ta gama "ya haƙuri", sai ta ɗora da "ai ya huta". Wata tsohuwar maƙwabciya ta gyara zama ta ce, "Shekara ashirin mutum na cikin duhu, ai mutuwa sutura ta." Mata suka amsa mata da haka ne. Ta bayan katanga kuma ina jiyo tsofaffin direbobi, abokan aikinsa na dā, suna yabon yadda yake sarrafa kamyo, babbar motar kaya, cike da siminti kamar yana tuƙa keke. "Direba na na gaske," in ji ɗayansu, "kahin abin ga shi same shi." Daga nan hirar ta ƙare. A wurinsu Kawu ya daɗe da mutuwa, jana'izar ce kawai ta makara.

Inna, wato mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Aiki ɗaya ta ba kanta. Duk baƙuwar da ta tambayi abin da ya ci idon yayanta, sai ta tare ta da sauri: "Ƙurar siminti ta." Matar Kawu kuwa tana lungun ɗaki cikin mayafin takaba, ba ta cewa komai sai abu guda: "A kunna wayar shi, mutanen shi na jira." Ba wanda ya bi ta kanta. Yaya, babban ɗan Kawu, ya riga ya kashe wayar, ya kulle ta a akwati tare da riguna da huluna, sai ranar rabon gado.

Ba ƙurar siminti ba ce. Gara in faɗa tun nan, don saboda wannan na ɗauki alƙalami. Tun yana saurayi Kawu yake da dundumi, rana na faɗuwa sai ya koma lalube. Da ya manyanta sai gefe da gefe suka fara rufewa, ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, kafar kuma kullum tana tsukewa. Likitan ido ya gaya masa cewa can cikin idon ne, wurin da ke karɓar haske, yake lalacewa a hankali, cewa ana gadon ciwon, kuma ba shi da maganin da zai ba shi. Kakanmu ma haka ya ƙare. Nasa an ce sammu ne, na Kawu aka ce siminti. Nawa ne dai ba a riga an raɗa masa suna ba, don ba wanda ya sani.

Gidanmu na tsoron kalmar gado a kan wannan ciwo fiye da yadda yake tsoron ciwon. In aka ji a gari, wa zai nemi 'ya'yanmu mata, wa zai ba samarinmu? Haka na tashi na ji ana faɗi ƙasa-ƙasa, haka na haɗiye.

Kawu bai jira an kore shi daga tuƙi ba. Wata rana da rana tsaka, a kan hanyar Bazaga, amalanken jaki ya fito masa ta hannun dama, bai gan shi ba sai da jakin ya kusa shiga ƙarƙashin taya. Ba wanda ya ji ciwo. Ya kai kayan inda aka aike shi, ya dawo, ya ajiye makulli a tafin mai motar. Mai motar ya yi ta lallashi, yana cewa kowa na yin kure. Kawu ya ce, "Yau jaki na. Gobe ɗan wani na." Bai sake riƙe sitiyari ba.

Kafin ya haƙura ya nemi magani kamar kowa. An ce hantar akuya na warkar da dundumi, ya ci hanta har ya ce mahautan Malbaza sun san takunsa. An sa masa kwalli iri-iri, an ɗiga masa ruwan ganye, ya sha rubutu. Daga baya in ya tuna sai ya yi dariya ya ce, "Da hanta na buɗe ido, da na hango Makka daga nan."

Kada a ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Kawu mutum ne mai zafin rai da taurin kai. In ka gusar da butarsa daga inda ya ajiye ta, za ka ji sunan kakanka. Ba ya son a kama masa hannu ba tare da an tambaye shi ba, kuma wanda ya yi masa magana da ƙarfi sai ya ce, "Ido na ab babu, kunne na nan." In ya fara ba da labari kuwa, sai ka nemi wurin zama.

Abin da masu gaisuwa ba su sani ba, ko suka sani suka raina, shi ne aikin da ya yi a shekarunsa na ƙarshe. A layin ganin likitan ido ya haɗu da wani tsohon malamin lakwal daga Illela mai irin ciwonsa. Suka karɓi lambar juna. Daga su biyu suka buɗe gurup a waya, Kawu ya sa masa suna zaure, wannan ya jawo wancan, har ya tara masu wannan ciwo daga Ƙonni, Malbaza, Illela da ƙauyukan tsakani. Matarsa ta manna masa ɗan filasta a kan gilashin wayar, daidai inda ake dannawa a yi magana, yatsansa na taɓa shi ya san ya iso.

Dokokin zauren kaɗan ne, Kawu kuwa ba ya ɗaga ƙafa a kansu. Ba a turo rubutu ko hoto, murya kawai. "Wanda yat turo muna hoto ya zage mu," in ji shi. Ba a tallar magani. Wani ya taɓa shigowa yana cewa yana da kwallin da ke maido da gani cikin kwana bakwai, Kawu ya ce ya fara sa wa kansa ya hango ƙofar fita, ya cire shi. Sauran duk hira ce da dabara: yadda za ka ƙirga taku daga ɗaki zuwa masallaci, yadda za ka ɗaura roba a kwalbar magani don ka bambanta ta da wata, yadda ƙarar shayi ke canzawa in kofi ya kusa cika, yadda ake sa waya ta karanta maka sunan mai kira. Wani lokaci kuma kuka ne kawai, a bar mutum ya yi abinsa.

Akwai wata mai ɗinki daga Bazaga. Ranar da ta kasa zura zare a allurar kekenta ta shigo zaure tana kuka, tana cewa ita rayuwarta ta ƙare. Wasu suka fara yi mata wa'azin haƙuri. Kawu ya ce su dakata. "Ku bari ta yi kukanta, keken ga shi ac cinta da shanta." Wata guda cur yana kiran sunanta kowace safiya, yana tambayar abin da ta karya da shi, yana tsokanarta cewa koko ba abinci ba ne. A zauren aka samu wadda ta koya mata saƙar tabarma da lalube, kuma da ita take riƙe da kanta har yau.

Na san duk wannan ne don ina ciki. Ga yadda na shiga. Na zo hutu gidansa, magariba ta yi, na fito daga ɗaki zan ɗebo ruwa, na yi karo da turmi har ya faɗi. Na ce, "Wa yab bar turmi bisa hanya?" Kawu yana kan buzunsa a bakin ƙofa. Ya bari sai da tsakar gida ta yi shiru, sannan ya kira ni a hankali.

"Ɗiyata, turmin ga shekara goma shina nan wurin. Tun yaushe?"

"Tun yaushe mi, Kawu?"

"Ni za ki yi ma wayo? Na ji yadda kika jan ƙahwa in rana ta hwaɗi. Takun gidanmu na."

Na durƙusa na yi kukan da na shekara biyu ina riƙewa. Na roƙe shi kada ya gaya wa Inna, kada mijina ya ji, kada a sani a lakwal. Ya ce asirina nawa ne, shi ba zai buɗe ba. Amma ya sa matarsa ta saka lambata a zaure. "Ba sai kin ce komi ba. Ki zamna ki ji."

Kowace safiya bayan sallar asuba Kawu ne ke buɗe zauren. Zai yi gyaran murya ya ce, "Wa yak kwana, wa yat tashi? A yi motsi in ji." Sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa. Wanda bai amsa kwana biyu ba, sai an nemo labarinsa. Tun ranar da na shiga ya ƙara wata gaisuwa a ƙarshe: "Da mai shirun da ke bayan ƙohwa, ina gaishe ta." An tambaye shi ko wace ce, ya ce ba ruwan kowa. Shekara uku yana gaishe ni haka. Ina ji da abin kunne a ɗaki, ina shirin tafiya lakwal, ban taɓa amsawa ba ko sau ɗaya.

Yaya bai taɓa son zauren ba. A ganinsa tsoho ne ya rasa aikin yi yake surutu da waya. Rigimarsu ta tashi lokacin da ake neman auren ɗiyar Yaya, shi kuma ya ji Kawu yana gaya wa wani sabon shiga cewa ciwon na gado ne, shi ma daga ubansa ya samo. Ina gidan ranar. Yaya ya tsaya a kansa yana huci.

"Baba, kana tona muna asiri ga duniya. An ce siminti na, mi ag gare ka da ba ka bari hakanan?"

"Siminti ya ci da kai, ya yi maka lakwal, ba ni yi mai ƙazahi," in ji Kawu. "Asirin da ke tuntuɓe da turmi kuma, har yaushe za a ruhe shi?"

Yaya bai gane ba. Ni na gane, na shige ɗaki.

Yanzu ga abin da ya faru ranar sadakar uku. An toya masa a gidan maƙwabta, ni na ɗauko tire ɗaya a kai zan shiga da shi. Da hantsi ne, rana ta fito sosai, lokacin da idona ke yi mini adalci. A ƙofar gida na tarar da mutum bakwai a jere, kowa hannunsa a kafaɗar na gabansa, maza biyar, mata biyu a baya. Na gaban yana da sauran gani, shi ke jan su. Sun sa kayansu masu kyau, sai dai hanya ta ɓata su. Daga baya na ji cewa a sanarwar rediyo suka ji rasuwar, suka yi shawara, suka haɗu a tashar Malbaza, wasunsu ranar suka fara taɓa hannun juna.

Kowa ya san al'adar. Ranar sadaka makafi kan zo ƙofa, a ba su nasu, su yi addu'a su wuce. Yaya ya ɗago kai daga rumfar masu gaisuwa, ya ga makafi a jere, ya gama lissafinsa.

Na gabansu ya yi sallama. Wani dattijo mai farar hula ya ce, "Mun zaka gaisuwa. Mu abokan marigayi na."

Nan take na gane muryar. Malamin Illela ne. Shekara uku ina jin ta kowace safiya.

"Yau kowa abokin shi na," in ji Yaya, ko tashi bai yi ba. "Wuri ya cika, malam. A ba su nasu su tahi." Ya waiwayo ya gan ni da tire. "Ke, zuba musu."

Malamin ya sake cewa, "Ɗana, ba sadaka tak kawo mu ba." Amma wata mota ta tsaya, manyan baƙi suka sauko, Yaya ya miƙe da sauri ya tarye su da hannu biyu.

Ni kaɗai ce a wurin na san su. Na ji tarin wani na gane shi. Na ji ta ƙarshen layi tana tambaya ƙasa-ƙasa ko an ce su shiga, na gane mai ɗinkin Bazaga. Kalma kaɗan ta isa: Yaya, mutanen Kawu ne. Amma da na faɗa sai a tambaye ni inda na san su, ga rumfa cike da maza, ga mijina a zaune a ciki. Na sauke tiren. Na ƙulla masa a leda, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan mai ɗinkin na sa mata a hannu na ce, "Ga sadaka, baiwar Allah." Ta riƙe ledar kamar ba ta san abin da ake yi da ita ba. Na gabansu ya juya, layin ya juya da shi, suka koma ta hanyar tasha.

Da la'asar na laɓe bayan rumbu na sa abin kunne. Malamin Illela ne ya ba zaure labari, muryarsa a kwance. "Mun tahi, mun gaida ƙohwa. Mun yi mai addu'a ƙarƙashin iccen tasha. Masar kuma mun ci, don sadakar shi ta, ba mu maida ta." Wani ya yi ta faɗa, yana cewa shi da ya bar gonarsa ya hau mota biyu, a ce masa almajiri. Mai ɗinkin ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ni dai so niy yi in taɓa hannun matar shi."

Ba zan wanke Yaya ba. Mutumin da ya zauna gida ɗaya da makaho shekara ashirin, ya ga makafi a ƙofa bai ga komai ba sai masu bara, ya gaya wa duniya yadda ya ɗauki ubansa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Amma labarin ya kai kunnen matar Kawu, ta sa aka kira ni ɗakinta, ta sa na rufe ƙofa.

"An ce ke kinka zuba musu."

Na ce ni ce.

"Yayanki bai san su ba," ta ce. "Ke hwa?"

Ita ce ta saka lambata a zauren da hannunta.

Malamin Illela ya ɗauki kiran safiya. Bai iya shi kamar Kawu ba, yana da sanyi, kuma ba ya tsokana. Amma bai yar da komai ba, har ta ƙarshen: "Da mai shirun marigayi, in tana nan." Kwana huɗu ina jin haka. Safiyar kwana bakwai da rasuwar, ina zaune a bakin gadon da Kawu ya rasu a kai, na danna wurin magana. Na ce ni ce mai shirun, ni ɗiyar ƙanwarsa ce, ina da ciwon shekara biyar, kuma ina yi musu gaisuwar rashin da aka yi mana gaba ɗaya. Ban ambaci ƙofa ba. Na ɗauka zan iya shiga da rabin gaskiya.

Na manta da su wa nake magana. Ba a jima ba saƙon mai ɗinkin Bazaga ya shigo.

"Na san muryar ga. Ke ta kinka ce mani baiwar Allah?"

Na danna na ce, "Ni ta."

Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da na fi samun sauƙi. Malamin ya ce an ji, Allah ya jiƙan marigayi, ya kira na gaba. Mai ɗinkin ba ta sake yi mini magana ba sai bayan mako biyu, da ta tambaye ni ko na karya, kuma da me.

Na gaya wa mijina. Ya ce da ma yana mamakin yadda nake fasa kofuna, sauran maganar kuma har yanzu muna cikinta. Inna ba ta ɗaga wayata tun da ta ji zan rubuta wannan. Ranar arba'in na gayyaci mutanen zaure, biyu kawai suka zo, ban ga laifin sauran ba. Ni na tarye su a tasha, mai ɗinkin ta ɗora hannunta a kafaɗata, muka wuce ta gaban rumfar Yaya har ɗakin matar Kawu. Suka riƙe hannun juna suka yi ta kuka.

To ga shi a rubuce, tun ina iya ganin layin takarda. Ba sammu ba ne, ba siminti ba ne. Ciwon gidanmu ne, Kawu ya ɗauke shi a fili, kuma bai yi shekara ashirin yana jiran mutuwa ba, aiki yake yi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa zafin ransa, ya haskaka masa kabarinsa, ya buɗe masa idon da ya rasa a nan.

Kawu, shekara uku kana gaishe ni ta bayan ƙofa. Yanzu kowace safiya ina amsawa, ni ce ma ta farko. Kai ne ba ka nan ka ji.